Layi Tara a Bayan Ƙyauren Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman duniya, wasu sun shuɗe da kansu, wasu ni na kore su daga raina da gangan. Amma ranar da na wanke ƙyauren ɗakin surukata, wannan kam ko na tsufa haƙora sun zube, hankali ya fara tafiya, ina jin ita ce za ta rage mini a kai. Shekara bakwai ke nan, kuma har yanzu tana nan a raina kamar jiya.

Ni 'yar Birnin Konni ce, haihuwar cikin gari. Mahaifiyata tana da tebur a bakin kasuwa inda take sayar da kayan wanki da wanke-wanke, su sabulu da soso da bula, da wata farar hodar goge-goge da ake kawowa daga ƙetaren iyaka, cikin dogon gwangwani mai huji-huji a murfi. A gindin teburin nan na girma, shi ya sa na tashi ba na iya ganin tabo in zauna lafiya. Idan na je gidan mutane ana gaisawa, bakina na amsa lafiya lau, idona kuwa yana kan gindin butarsu. Yayyena mata har tsokanata suke yi, wai ko mutuwa ta zo ɗaukata sai na roƙe ta ta jira in ɗauraye kwano. Kuma gaskiya na iya aikin. Ba a zuba hodar nan a kan busasshen abu. Sai an jiƙa shi tukuna, a barbaɗa, a bar ta ta ɗan kwanta, sannan a bi da soso ana zagayawa, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Tukunyar da aka fid da rai da ita, idan ta biyo ta hannuna sai mai ita ya yi musun tasa ce. Ina taƙama da wannan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Mijina direban kamiyo ne, babbar mota mai ɗaukar albasa. A Konni muke zaune, amma shi ɗan wani ƙauye ne kusa da Badaguishiri, can iyayensa suke. Mahaifinsa, wanda duk muke ce wa Baba, mai garka ne, wato lambun noman rani, dattijo mai kirki amma mai zafin zuciya. Mahaifiyarsa Inna kuwa mace ce marar yawan magana, sai ka wuni da ita ba ka ji kalma ashirin ba. 'Ya'yansu mata duk suna gidajen aurensu, maza kuwa biyu ne kacal, mijina da ƙanensa Auta. Shekara huɗu kafin abin da zan ba ku labari, Auta ya ɗauke injin ban-ruwan garkar Baba ana tsakiyar rani, ya sayar, ya yi guzuri ya nufi Libiya. Albasar shekarar ta ƙone a tsaye. Baba ya rantse a gaban jama'a cewa kada wanda ya sake ambaton sunan yaron nan a gidansa. Tun daga nan shiru. Samarin ƙauyen da ke zuwa can suna dawowa sun ce ba sa ganinsa, da alama kunya ta sa yana guje wa duk wanda ya san shi. Mijina ya yi ta cigiya a ɓoye wurin direbobi 'yan'uwansa, bai samu komai ba.

A bazarar shekarar nan ciwo ya kwantar da Baba. An kai shi gidan likita a Illela, ya yi kwanaki, aka sallamo shi da 'yan magunguna da irin maganar nan da kowa ya san ma'anarta, wai a je gida a ci gaba da addu'a. Mijina ya ajiye mota, muka tattara muka tafi jinya. Kwanana uku a can sai ga saƙo cewa jibi mahaifiyata da gwaggwannina biyu za su zo daga Konni dubiya.

A nan ne shaiɗan ya same ni, kuma bai sha wahala ba. Gidan Inna ba ƙazamin gida ba ne, Allah shi ne shaida. Sau biyu take share tsakar gida a yini, ƙorenta da toka da yashi take dirje su har su yi fari. Amma ni da idon Konni nake kallo. Na dubi butar shayi ta yi baƙi, na dubi tasoshin da suka dushe, na dubi tiren da tsatsa ta ci bakinsa, sai na fara jin muryar gwaggwannina a kunnena tun ba su taso ba. Na san bakinsu. Za su gaishe da marar lafiya da ladabi, su yi addu'a, su koma mota su yi ta yi da ni har Konni, wai ga gidan da 'yar mai sayar da hoda take jinya. Dattijo na kwance tsakanin rai da mutuwa, ni kuwa abin da ya hana ni sukuni ke nan. Na buɗe jakata na fito da gwangwani biyu da na zo da su, don ni ko biki za ni sai na tafi da hodata.

Washegari tun da sassafe na ɗaura zane na hau aiki. Inna tana ɗakin Baba tana masa fifita, ba ta fitowa sai don alwala. Na fito da komai tsakar gida na jera. Kafin hantsi butar shayi ta dawo kamar yau aka sayo ta, tasoshi suna ɗaukar ido, tiren nan har fuska ake gani a ciki. Matan maƙwabta da suka shigo gaisuwa suka tsaya suna kallo suna riƙe baki. Wata ta koma gida ta ɗauko tukunyarta ta ce in gwada mata, na goge mata rabi na bar rabi don ta ga bambanci, aka yi ta dariya. Kaina ya kumbura. Da kwanuka suka ƙare sai na ji ban ƙoshi ba, na fara waige-waige ina neman abin da ya saura. Idona ya sauka a kan ƙyauren ɗakin Inna, inda za a sauki baƙi.

Ƙyauren ƙarfe ne da aka taɓa shafa wa shuɗin fenti, maiƙon hannu na shekaru ya dafe wurin mariƙinsa. Na gama da gabansa cikin sauƙi. Sai na shiga ciki na tura shi don in yi bayan, wato gefen da ke jingine da bango duk lokacin da ƙofa take buɗe, wanda ba mai ganinsa sai wanda ya rufe kansa a ɗakin. A can ƙasa, daidai gwiwar mutum, na ga wasu baƙaƙen zane-zane. Na gan su da idona, ba zan ce ban gani ba. Gajeru ne, kamar an tsoma yatsa a baƙin tukunya an shafa, jere-jere layi bisa layi, wani layin da yawa, wani kaɗan, a wani wuri kuma tambarin babban yatsa ne guda ɗaya. Na ce a raina aikin jikoki ne, yara ba su da wurin wasa sai bayan ƙyaure.

Na watsa ruwa na bi da tsumma, ko gezau. Na barbaɗa hoda na dirza, suka ɗan dushe amma suna nan. A lokacin wani tunani ya gifta mini, cewa wannan abu ya cika tsari a ce yaro ne ya yi shi. Inna tana nan taku ashirin daga inda nake durƙushe. Amma taurin tabon ya riga ya taɓa mini zuciya, ni ba a yi tabon da zai gagare ni ba. Na ƙara hoda, na bar ta ta kwanta, na ɗauko soson ƙarfe. Sau uku ina yi. Sai da na cire baƙin, na cire fentin da ke ƙarƙashinsa, farin ƙarfe ya fito yana walƙiya. Na ɗauraye, na goge da busasshen tsumma, na ja da baya na duba, na ji daɗi har cikin raina. Daga nan na mayar da ƙyauren jikin bango na tafi ɗora girki.

Baƙi sun zo washegari, kuma na samu abin da nake nema. Gwaggwannina suka sha ruwa a tasa mai ƙyalli, suka dubi juna, ɗaya ta ce ai duk inda 'yarsu ta shiga sai an gane. Mahaifiyata ma na ga jin daɗi a fuskarta. Suka shiga wurin Baba suka yi masa addu'a, bayan azahar suka kama hanya.

Ban san ko ganin surukai ne ya motsa masa zuciya ba, ko kuwa shi ya ji a jikinsa. Bayan la'asar na kai masa kunu, mijina ya tallafe shi ya jingina da bango. Kwana biyu ke nan ba ya magana sai da ka. Ya kurɓa sau biyu, ya ture kofin, ya dubi Inna ya ce, “Yaron ga, ina ya ke?”

Duk mun san yaron da yake nufi, amma shekara huɗu ba a buɗe wannan magana a gidan ba.

“Auta nike nuhi,” in ji shi. “Ina son in ji muryatai.”

Inna ta ajiye mafici a hankali. Ta ce, “Malam, da bakinka ka neme shi?” Ya ce da bakinsa. Sai ta ce, “To akwai lambatai wurina.”

Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta miƙe da sauri irin na ranar ba. Ta ce wa mijina ya taho da salularsa. Muka bi ta a baya, shi yana ta mamaki, yana cewa shekara huɗu yana yawon cigiya ashe lamba na cikin gida. Ni ma murna nake, har ina tunanin irin tsokanar da zan yi wa Auta idan an ba ni wayar, don abokin wasana ne tun ina amarya. Na zaci za ta buɗe akwati ta ciro takarda. Muna shiga ɗakin sai ta tura ƙyaure ta rufe, ta sunkuya.

Ta daɗe a sunkuye. Na ga ta kai hannu ta shafa ƙarfen daga sama zuwa ƙasa. Ta miƙe ta buɗe ƙyauren ta dubi gabansa, ta sake rufewa ta sake sunkuyawa, kamar mai zaton ɗakin wani ta shiga. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tambaya, ba tare da ta juyo ba, “Wa at taɓa nan?”

Kun san har a wannan lokacin ban gane ba? Da fara'ata na amsa. Na ce, “Ni ce, Inna. Jiya na wanke shi, yara duk sun ɓata miki shi da baƙin tukunya.”

Sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da ƙyauren. Daga nan zaune ta ba mu labari, da murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya jiyo. Shekara biyu da suka wuce wani mutumin wajen Tajaye ya shigo gidan da sunan neman ruwan sha, lokacin Baba yana garka. Ya ce daga Libiya yake, sun yi aikin gini tare da Auta, kuma ya ba shi saƙo ga mahaifiyarsa ita kaɗai. Saƙon shi ne lambar waya, da sharaɗi guda: kada a kira shi sai ranar da Baba ya neme shi da bakinsa, shi kuma ya yi alkawarin ba zai bar layin nan ya mutu ba har wannan rana. Mutumin ya so ya rubuta mata a takarda, ta ƙi. Ita ba ta karatu, takarda kuma gara na ci, tana ɓata, kuma idan Baba ya gani zai tambaya. Sai ta kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗe, ta sa shi yana faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa da yatsa. Idan ya ce bakwai ta ja bakwai, idan ya ce uku ta ja uku, inda ya ce babu komai ta danna babban yatsa. Layi tara. Ya ƙirga ya tabbatar sau biyu, ya ce lambar ƙasar da ake fara sawa kuwa kowane mai waya ya san ta. Tun daga ranar, kowace safiya idan ta idar da salla sai ta rufe ƙyaure ta dube su, ta san ɗanta yana nan. Jinyar nan ce kaɗai ta hana ta dubawa, don a ɗakin Baba take kwana.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na dubi hannuna, har lokacin akwai sauran shuɗin fenti a ƙarƙashin farcena. Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar ko “yi haƙuri” ta ƙi fita. Mijina ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai, ya durƙusa ya kunna fitilar waya yana haska ƙarfen ta gefe, ko zai ga inuwar zanen. Babu ko ɗigo. A rayuwata ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa tsanar aikin hannuna kamar ranar ba.

Muka fita bayan ɗaki, Inna ta share ƙasa da tafin hannu ta fara ja da yatsa. Layi ukun farko ta tabbata da su, na ƙarshe biyu ma haka. Na tsakiya ne suka rikice mata. Ta ja shida ta ce a'a bakwai ne, ta goge, ta rasa ko tambarin babban yatsan a layi na biyar yake ko na shida. Ita kallonsu take yi kullum, ba ƙirga su take ba, don ba ta taɓa zaton za su bar wurin ba. Mijina ya juyo gare ni ya ce ni ce ta ƙarshe da ta gan su, in tuna. Na fi rabin awa ina fuskantar zanen nan ina dirza, amma wallahi ko layi ɗaya ban riƙe ba. Ni da na yi lakwal, makarantar boko, har na shiga kwaleji, wadda minti ɗaya ya isa in kwafe su a takarda, ban ga komai a wurin ba sai datti.

Mijina ya sayo kiredin waya ya zauna a gindin itacen bedi yana gwada duk yadda lambobin za su iya zama. Wasu ba sa shiga, wasu Larabawa ke ɗauka su yi magana su kashe, wata mata ma da ya kira sau biyu ta zazzage shi da abin da ba sai an fassara ba. Da gari ya waye ya hau kabu-kabu ya tafi Tajaye neman mutumin da ya kawo saƙon. Ya samu gidansu, aka ce tun bara ya koma Libiya, lambar da ya bar musu kuma ta daina shiga. Ya dawo fuskarsa a bushe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba yana jira. Ba a gaya masa abin da ya faru ba. Duk wanda ya ɗaga labule sai ya buɗe ido ya ce, “Ta shiga?” Inna ta ce masa layin ƙasar ne ke da wuya, ana ta gwadawa. Ni ce mai kai masa kunu, kuma duk lokacin da na shiga sai ya sa mini albarka, ya ce na bar gidana na zo ina wahala da shi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta uku da hantsi ya ce a daina wahalar da waya. Ya sa muka matso mu uku, ina riƙe da kofinsa. Ya ce, “Ku hwaɗa mishi na yahe mishi, duniya da lahira. Injin banza, mi a a ciki. Shi ma shi yahe min, na yi zahi da yawa.” Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi zaman makoki aka watse. Mijina bai taɓa ni ba, bai zage ni ba, maganar ma bai sake tayarwa ba. Inna kuma ta ci gaba da ce mini ɗiyata kamar ba abin da ya faru, ta hana mu gaya wa kowa, har 'ya'yanta mata. Na koma Konni na yi makonni ba na iya cin abinci sosai. Idan na ga gwangwanin hoda a teburin mahaifiyata sai in kau da kai, alhali hoda ba ta yi laifin komai ba, abin da aka sa ta shi ta yi.

Bayan wata takwas, an gama girbi, Auta ya dawo. Labarin rasuwar ya same shi a bakin wani baƙo, a makare. Aka aiko muka zo. Ya rame ya yi baƙi, har da furfura a gemunsa, shi da bai kai talatin ba. Muka zauna a ɗakin Inna mu huɗu. Bayan an yi addu'a ya sunkuyar da kai ya tambaya ko har Baba ya rasu bai neme shi ba. Inna ta ce ya neme shi, ta kuma isar masa da saƙon gafarar. Sai ya ɗago. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar salula da aka ɗaure da roba, ya ajiye a tabarma. Ya ce shekara biyu wayar nan ba ta kwana a mace ba. An sha yi masa tayin aiki mai kyau a wani gari ya ƙi, don can babu layi sosai. Ko ba shi da na abinci sai ya yi cajinta.

“To mi ya hana ku kira ni?” in ji shi.

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe baki. Amma Inna ta riga ni. Ta ce, “Ni na goge ta da hannuna. Tsuhwa ta sa na wanke gambu ban lura ba.” Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Ɗiyata, tashi ki dubo tukunya.”

Babu wata tukunya a wuta, amma na tashi na fita. Ina tsaye a madafa ina jin kukan namiji babba. Wannan ya girgiza ni fiye da ranar ƙyauren. Da yamma na same ta ita kaɗai tana tsince wake, na durƙusa na ce ba zan iya barinta ta ɗauki laifina ba. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce idan Auta ya ji matar wansa ce, ba ni zai riƙe a zuciya ba, wansa zai riƙe, ita kuwa uwa ce, duk fushin da zai yi da ita zai huce. “Na rasa ubansu,” in ji ta, “ba ni iya zama ina kallon su biyu sun rabu. In na mutu ki yi yadda kinka ga dama.”

Na yi shiru, kuma in faɗi gaskiya, ba biyayya kaɗai ta sa ni shirun ba, har da tsoro. Auta ya zauna a ƙauye ya tayar da garkar Baba. Wajen wata shida yana gaishe da mahaifiyarsa daga tsaye a bakin ƙofa, ba ya shiga ya zauna, ba ya cin tuwonta sai ta aika masa. Ita kuwa ba ta taɓa nuna ta damu ba. Ni kuma idan muka zo sai ya tare ni da wasa, ya ce matarsa ta Konni ta iso, ya cinye abin da na dafa yana santi. Daga baya ya huce da kansa kamar yadda ta faɗa, ya yi aure, ya haihu, shi ya riƙe ta har ƙarshe.

Bara Inna ta rasu. Bayan sadakar arba'in na bi Auta garka da hantsi, na same shi yana juya ruwa a fangalin albasa. Na tsaya a kan kunya na gaya masa komai, tun daga zuwan gwaggwannina har soson ƙarfe. Bai katse ni ba. Ya ci gaba da toshe wannan fangali yana buɗe wancan, har na zaci bai ji ba. Can ya dogara da hauya ya tambaye ni ko ina wurin lokacin da Baba ya yi maganar. Na ce ni ke riƙe da kofinsa. Ya ce in maimaita masa yadda ya faɗa, kada in gyara. Na maimaita.

“Ke na yahe miki,” in ji shi. “Amma wata shida ina gaida Inna daga tsaye, bisa abin da ba ta yi ba. Ita wa za shi hwaɗa mata?”

Ya ɗauki hauyarsa ya koma juya ruwa.

Ina nan ina amfani da hodata, kwanukana suna ƙyalli kamar da. Amma na koyi cewa ba duk abin da ya yi wa idona kama da datti a gidan wani ne datti ba. Mutane suna ajiye abin da ya fi musu komai daraja a inda suka iya, da abin da suke da shi, ko da baƙin tukunya ne a bayan ƙyaure. Yanzu ko tsumma na gani a ɗakin da ba nawa ba, ba na ɗagawa sai na tambayi mai ɗakin. Taku ashirin ne tsakanina da Inna ranar nan, da tambaya guda, mene ne wannan. Ban yi ba, don ina sauri in burge waɗanda za su sha ruwa su tafi, sai wani dattijo ya mutu yana jiran muryar ɗansa.